Taƙi Ɗaya na Zaren Kaset

Duk matashin da ya leƙo teburina ya ga tsohon injin bidiyo da almakashi da cokali a jere, sai ya yi murmushi ya ce, "Baba Isuhu, ai kai hutu kake yi. Ka sa kaset, ka danna, ka koma shan shayi." Ba na musu da ku. Shayin kam ina sha. Amma tun da yanzu ku ne kuke tono kaset ɗin bikin iyayenku daga ƙarƙashin gado kuna cewa a juye muku a waya kafin la'asar, bari in gaya muku abin da ke cikin wannan baƙin akwatin, ko kwa rage mini gaggawa.

Umra ce ta kawo ni Jidda, kamar yawancinmu. Na yi ɗawafi, na sha Zamzam, da lokacin komawa ya yi na tuna babu abin da ke jirana a gida sai gonar da ba ta ciyar da mu, sai na yi zamana. Na fara da dako a Bab Makka, ina ɗaukar dilolin yadi daga mota zuwa shago. Wata rana aka ɗora mini kwali biyu aka ce in kai wani shagon hayar kaset a Ammariyya. Mai shagon, Mu'allim Shahul, Ba'indiye ne daga ƙasar Tamil, gajere mai tumbi, da biro uku a aljihun gaba waɗanda babu mai rubutu ko ɗaya a cikinsu. Ya tsaya yana kallon yadda na sauke kayan. Ya ce duk ɗan dakon da ya taɓa zuwa jefarwa yake yi, ni kaɗai na durƙusa na ajiye a hankali. Gaskiyar magana bayana ne ke ciwo ranar, amma ban gaya masa ba. Washegari na fara aiki.

Wata shida bai bari na taɓa almakashi ba. Aikina mayar da zare baya da goge akwatuna. 'Yan ƙasarsu, direbobi da masu wanki da masu aikin gini, su ne manyan masu hayarmu. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai su taru su goma a ɗaki ɗaya, a kan inji ɗaya da ya ga jiya ya ga yau, su kalli fim. Asabar da safe kaset ya dawo mana yana ƙanshin miyar kifi, zarensa a tsakiya, wani lokacin ma a waje yana reto. Matanmu Hausawa su ma suna aiko a karɓar musu. Ba sa jin ko kalma ɗaya ta yaren, amma in suka zo mayarwa sai su ba ka labarin fim ɗin daga farko har ƙarshe, har da abin da suruka ta faɗa a ranta.

Kaset na farko da ya bari na buɗe na wani mai wanki ne. Na kwance kusoshi biyar ɗin nan na bayansa, na ɗaga murfin ina taƙama, sai wani ɗan ƙarfe ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin kanta, wasu ƙananan robobi suka bi shi. Rabin yini muka yi a rarrafe ni da Mu'allim. Tun ranar na san ana kwance kusa ta baya, a juya akwatin ya kwanta a kan bayansa, sannan a ɗaga. A ciki faifai biyu ne, zare yana tashi daga ɗaya ya naɗe a ɗaya. Zaren nan faɗinsa bai fi ɗan yatsa ba, kuma ku riƙe wannan: ba a ganin hoto a jikinsa. Ko ka ɗaga shi ka haska da rana, baƙi kawai za ka gani. Fim ɗin yaƙi da bikin auren yayarka duk kamarsu ɗaya a hannu.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowane da dalilinsa. Almakashin Mu'allim na tagulla ne, domin na ƙarfe yana riƙe maganaɗisu, ya bar tabo a hoto. Ana yanka a karkace. Ana haɗawa da siririn salatif na musamman, kuma a bayan zaren, ba a fuskarsa mai ɗauke da hoto ba. Wanda ya sa salatif ɗin kanti, zafin Jidda zai narkar da danƙon ya shafe kan injin, kaset goma na bayansa duk su fito da ƙura. Sai auduga da sifirit na goge kan inji. Cokalin kuwa, wanda kuke yi wa dariya, shi ne dutsen gugarmu: a tsoma shi a ruwan zafi, a share, a shimfiɗa farar takarda a kan zaren da ya yamutse, a bi shi da bayan cokali a hankali.

Sai dai a shagon haya babu mai lokacin guga. Dokar Mu'allim ɗaya ce, kuma kullum sai ya maimaita ta: "Inda inji ya tauna, yanke. Fim awa uku ne, babu mai kuka a kan taƙi ɗaya." Taƙi ɗaya na zare bai fi sakan takwas ba. Haka na yi shekaru ina yankewa ina haɗawa. Jarumi ya ɗaga hannu zai yi mari, kafin ka ƙifta ido mugu yana ƙasa, masu kallo su ce wannan jarumin akwai zafin nama. Ko sau ɗaya ba a taɓa dawo mana da ƙorafi ba, har hannuna ya saba yanka kafin kaina ya yi shawara.

A cikin duk fina-finan shagon akwai ɗaya da ya fi ba ni aiki. Labarin wata bazawara ce a ƙauye, mai sayar da farar wainar shinkafa a bakin hanya, ta yi ta wahala har ɗanta tilo ya yi karatu ya tafi birni ya zama babban mutum. Can ya auri 'yar masu kuɗi, ya fara jin kunyar a ga uwarsa da tsohon zane. Sai da duniya ta juya masa baya ya dawo, ta zaunar da shi a tabarma, ƙato da gashin baki, tana ba shi shinkafa a baki da hannunta. Kwafi huɗu muke da shi, kuma ba sa kwana a shago. Ƙarti masu ɗaukar buhun siminti sukan dawo da shi idanu jajur, su ce wai fanka ce ta hura musu ƙura. Ni da ba na jin yaren na haddace shi tsaf, na san inda uwar za ta fara kuka da inda za ta ɗan huta ta sake farawa.

Muguwar shekararmu ba ta zo a rana ɗaya ba. Faifan CD ya fara cin kasuwar, tauraron ɗan'adam ya ƙarasa, sannan aka yi ruwan nan da ya cika unguwanni, ya shigo shagon har gwiwa. Kantoci biyu na ƙasa duk suka jiƙe. Cikin mako guda funfuna ta yi fari fat a jikin zare. Mu'allim ya zauna a kan kujera ya kalli kayan, ya ce shi kam halas, ya gama, ƙasarsu zai koma. Ya bar mini inji biyu da almakashin tagulla, ya cire biro ɗaya daga aljihu ya ƙara mini. Na koma dako a Bab Makka da furfura a gemu. Amma ruwan da ya kashe shagon shi ya buɗe mini wata ƙofa, domin ba mu kaɗai ya jiƙa ba. Mutane suka fara nemana da kaset ɗin aure da na suna da na walimar sauka, duk sun yi funfuna. Na koyi bin zare da auduga taƙi bayan taƙi, na koyi haɗa inji da kwamfuta. Bakur, Bahaushe haifaffen nan wanda kakansa ya zo hajji a ƙafa, ya ba ni kusurwa a bayan shagonsa na waya. Nan kuke samuna har yau.

Aikin da nake so in ba ku labari na wani dattijo ne mai suna Kumar, ɗan ƙasar su Mu'allim. Ranar Lahadi ya zo da hantsi, siriri, wuyan rigarsa a goge, da wani abu naɗe a zane cikin leda biyu. Direba ne a gidan wasu Larabawa, ya fi shekara talatin yana jan motarsu, yanzu an buga masa bizar fita ta ƙarshe, jirginsa ranar Alhamis. Da ya warware zanen sai na ga kaset, a gefensa da lamba da rubutun hannuna. Fim ɗin bazawarar nan ne, ɗaya daga cikin huɗun. Ashe a wurin Mu'allim ya saye shi tun ina sabon shiga.

Da Larabcinmu na 'yan ci-rani muka yi magana, wanda ba na Balarabe ba ne, ba na kowa ba. Ni in ce masa Sadik, wato aboki, shi kuma ya ce mini Mu'allim. Na ce masa, "Sadik, wannan fim ai yana waya. Ba ni minti biyu in tura maka mai kyau, ka huta da wannan tsohon."

Ya ce, "La, Mu'allim. Hada bas." Wato wannan ɗin dai yake so.

Na ce a raina tsofaffi da rigima, na manta ni ma tsohon ne. Ban tambaye shi dalili ba. Na ce ya dawo gobe.

Da na buɗe, funfunar ba ta yi yawa ba, an adana shi da kyau. Wuri ɗaya ne kawai, wajen tsakiyar faifan, zaren ya yamutse, ya yi ƙyalli kamar gwiwar tsohon wando, ga alamar haƙoran inji har biyu. In na bar shi zai iya naɗewa a kan injin ya tsinke. Ban ma tsaya tunani ba. Na yanke nan, na yanke can, taƙi ɗaya, na haɗa, na jefa guntun a kwalin da ke ƙarƙashin tebur. Na juye fim ɗin ya fito tas. Har yabon kaina na yi. Litinin da safe na ga kwalin ya cika, na fitar da shi bakin titi.

Kumar ya zo bayan azahar. Na kunna masa a kwamfuta, ya ce in wuce gaba, in wuce gaba, har wurin waƙar da matan ƙauye suke tafiya rijiya a jere. Ya matso ya dafa tebur. Matan suka taho da tuluna, hoto ya ɗan yi tsalle, sai ga su har sun isa rijiya suna ɗiba. Ya ce in mayar. Na mayar. Ya ce in sake.

"Mu'allim," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ina uwata?"

Na ɗauka uwar fim yake nufi, na ce tana gaba, yanzu za ta fito ta yi kukanta. Ya girgiza kai. Sai ya ba ni labarin, rabi da baki rabi da hannu. A ƙauyensu aka ɗauki waƙar nan yana yaro. Masu fim suka tara matan gari suka ce su ɗauki tulu su yi tafiya, aka ba su abincin rana. Mahaifiyarsa ce ta ƙarshe a layi. Ba ta taɓa zama gaban mai hoto ba, kafin nan ko bayan nan. Shekararsa biyu a Jidda ta rasu, fasfonsa na hannun kafili, wato uban gidan da ya ɗauko shi aiki, bai samu zuwa ba. Ya nemi fim ɗin a waya ya gaji: wasu sun gajarta waƙar, wanda bai gajarta ba ya manna ƙaton tambarinsa a kusurwar allo daidai kan fuskarta, sai tulu da gwiwar hannu ake gani. A kaset ɗin nan kaɗai take. Shekarun farko kullum sai ya kai wurin ya tsayar da hoton ya yi ta kallo. Bai sani ba, in ka tsayar da hoto a injin bidiyo, zare ne ya tsaya, kan injin kuwa yana nan yana juyawa yana gogar wuri ɗaya. Da kallonsa ya cinye wurin. Ranar da inji ya tauna shi karo na biyu ya tsorata, ya naɗe kaset ɗin a zane, ya fi shekara goma bai sake sa shi ba. Yanzu yana so ya tafi da ita gida, 'ya'yansa su ga kakarsu.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma na ji tsoro. Na leƙa ƙarƙashin tebur ko da na san babu komai. Na fita bakin titi da gudu. Kwali ya tafi.

Bakur ya biyo ni yana tambaya. Da na gaya masa ya riƙe kai. "Ya Ammi Isuhu, esh sawwet, me ka yi? Mamar mutum ka yanke?" Sai ya tsaya. "Istanna, dakata. Kwalayen layin nan ai Hajiya Talatu ke kwashewa, kulli yom, kullum da safe. Na san gidansu a Mahjar. Yalla, mota na waje."

Hajiya Talatu tsohuwa ce 'yar wajen Maraɗi, ta zo hajji tun da ƙarfinta ta zauna. Tana bin layi-layi da keken jarirai da ta mayar amalanke, tana tara kwali da gwangwani da ragowar burodi. Muka same ta a ƙofar gida tana taka kwalaye tana miƙar da su. Ta dube mu mu uku, ni da Bakur da Kumar, ta dubi motar.

"Malam Isuhu, lafiya da tsakar rana, har da Ba'indiye? Wallahi na ɗauka masu duba iƙama ne, takardar zama, har na fara neman takalmina."

Na ce, "Hajiya, kwalin da kika ɗauka a ƙofarmu yau, da guntayen zare a ciki. Ina kika zubar?"

"In zubar? Ni ba na zubar da zarenka. Ku hawo ku gani."

Muka bi ta saman gidan. A can take shanya burodin da ta tara, in ya bushe ta sayar wa masu tumaki. Tantabaru sun hana ta sakat, sai ta tuna dabarar gona ta gida: ta ja igiya daga wannan bango zuwa wancan, ta ɗaura guntayen zaren kaset a jiki, iska na kaɗa su suna walƙiya, tsuntsu ba ya sauka. Ashe shekara da shekaru duk abin da na yanke nan yake zuwa. Na tsaya ina kallon aikin hannuna yana rawa a rana, igiya uku cike, ban san na wa da na wa ba ne.

Da ta ji abin da muke nema ta saki baki. "Uwar bawan Allah ce na rataye tana korar mini tantabaru? Kai Malam Isuhu, Allah ya shirye ka. Mutum ya kawo maka abu naɗe a zane cikin leda biyu, ba ka ce masa mene ne a ciki ba?" Ta juya wurin Kumar ta dafa ƙirji, ta ba shi haƙuri tana kiransa ɗanta. "Ma'alesh, ya waladi. Sabur." Shi da ya kusa kai ta shekaru ya sunkuyar da kai kamar yaro.

Allah ya taimake mu tana da tsari. Na yau ta ɗaura su a ƙarshen igiya ta uku, kusa da tankin ruwa, inda inuwa ta fara rufewa. Guda tara ne. Kuma ba ƙulla su take yi ba, bakin kowane take ɗaurewa da zaren ɗinki. Na kwance su ɗaya bayan ɗaya, na jera a cikin littafin Bakur, kowane a shafinsa. Hajiya ta ce ita fa sai ta zo ta ga matar da ta yi mata gadi.

To, a nan ne sana'ar take, ku masu cewa a danna. Guntaye tara, duk baƙaƙe, daga kaset huɗu na wannan makon. Ba zan iya gwada su a inji ɗaya bayan ɗaya ba, domin wanda nake nema ya riga ya gaji, wataƙila wucewa ɗaya ta rage masa. Dole hannu da ido su gane shi. Talata tun da safe na zauna. Na fara ware su da kauri, domin zaren kaset ɗin haya na da ya fi na bikin gida kauri, in ka murza a yatsa za ka ji. Biyar suka fita. Cikin huɗun da suka rage, biyu tsinkewa suka yi, bakinsu a yage, ba yankan almakashi ba ne. Saura biyu, duk yankana, duk da alamar tauna. Na ɓare haɗin da na yi a kaset ɗin Kumar, na shimfiɗa bakunan biyu a kan farar takarda, na kawo guntu na farko. Karkacewar ta yi kusa, amma ba ta zauna ba. Na kawo na biyu. Ya zauna, kuma wani ɗan ɗigon funfuna da almakashi ya raba biyu ya haɗu ya koma ɗigo ɗaya. Na tashi na sha ruwa.

Sauran yinin guga ce. Ruwan zafi, cokali, takarda, a bi sau ɗaya a bari ya huce, a sake. In cokali ya yi zafi da yawa zaren ya ƙanƙance, shi ke nan. In bai yi ba, ƙunci ba ya fita. Bakin da Hajiya ta ɗaure ya matse sosai, dole na rage kamar faɗin farce, ina addu'a kada a ce a nan fuskar take. Na haɗa gaba, na haɗa baya. Na goge kan injin har sau uku, na gwada shi da wani kaset da ba a so, na ga ba ya tauna. Ban kunna na Kumar ba. Na ce in sau ɗaya ne zai wuce, to a gaban mai shi zai wuce.

Laraba da hantsi suka hallara. Kumar da rigar da ya goge ta tafiya, Bakur ya bar kanta ba kowa, Hajiya Talatu ta ajiye kekenta a ƙofa ta shigo ta zauna a kujerata ba tare da an ce mata bismilla ba. Na naɗa zaren da hannu har kusa da wurin, don kada inji ya ja shi da ƙarfi. Na sa kwamfuta ta fara ɗauka. Na yi bismilla na danna.

Waƙa ta taso. Mata suka taho a jere. Da aka zo haɗin farko hoton ya yi rawa, layuka suka cika allo, na ji injin ya canza murya, na ce shi ke nan. Sai ya daidaita. A can kusurwar hagu ga wata siririyar mace, ta ƙarshe a layi, da tulun tagulla a ƙugu. Sauran matan duk gabansu suke kallo yadda aka umarce su. Ita kuwa ta waiwayo ta kalli kyamara kai tsaye, dariya ta kama ta, ta ja gefen mayafi ta rufe baki, ta wuce. Wani farin layi ya ratsa ta kafaɗarta, wanda babu abin da zan iya yi masa. Haɗi na biyu ya wuce lafiya, matan suka isa rijiya.

Hajiya ta ce, "Ai kuwa ga goshin ɗanta nan a fuskarta. Kuma da gani ba ta jin magana."

Na kashe injin, na fitar da kaset ɗin na ajiye a tebur. Na buɗe abin da kwamfuta ta ɗauka, na kai daidai inda ta waiwayo, kafin mayafi ya rufe dariyar, na tsayar.

Sai Kumar ya damƙe mini hannu da ƙarfi. "La, Mu'allim, la. Kada ka tsayar. Za ta cinye."

Na nuna masa kaset ɗin a kan tebur, na nuna masa injin a kashe. Na ce, "Sadik, ba zare ba ne yanzu. Babu abin da ke gogar ta. Wannan ba ya cinyewa."

Ya dubi kaset ɗin, ya dubi allon. "Ko minti goma?"

"Ko shekara goma."

Ya sake mini hannu a hankali. Ya jawo kujera ya matso har gwiwarsa ta taɓa tebur, ya ɗora hannuwa a cinya, ya zauna. Hajiya ta tashi, ta tura kekenta ta tafi. Bakur ya koma kanta ya rage ƙarar rediyo.

Kwamfuta ɗaya gare ni, kuma mutum uku ne suka zo karɓar aikinsu kafin la'asar. Na tare su a ƙofa, na ce su yi haƙuri su dawo gobe, akwai wanda ke gaisawa da mahaifiyarsa.